SHARHI: Kuɗin Kayan Lantarki Ba Ya Ƙarewa A Bakin Kanti

Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, gari ne da ke bakin hanyar da ta tashi daga Minna ta nufi Zungeru, kuma a nan ne filin jirgin saman Minna yake. Wanda duk ya miƙe wannan hanya zai tarar da tashar lantarki ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700, wadda aka kammala a 2023. Ita ce ta huɗu a jihar, bayan Kainji ta 1968 mai megawat 760, da Jebba ta 1985 mai kimanin 578, da kuma Shiroro ta 1990 mai 600. Idan aka haɗa su ana maganar megawat sama da 2,600 ke nan, a ƙasar da yawanci abin da babban layinta ke rarrabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Amma duk da haka mai kanti a Maikunkele da ƙarar janareto yake wuni, abin nan da ake cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wutar da madatsun ke samarwa babban layin ƙasa take shiga, daga can a raba wa kamfanoni, kowa da kasonsa.

Kukan da mutanen jihar ke yi kan wannan al'amari halal ne. Sai dai akwai wani sashe na matsalar da ke hannun 'yan kasuwa da magidanta su kansu, wanda ba a cika zancensa ba, watau rashin sanin wane kayan aiki ne ke cin wuta, da kuma nawa yake ci.

Idan aka saurari hirar majalisu da ta bakin shaguna, za a ji ra'ayoyi iri ɗaya suna ta yawo. Maigida zai tsawata wa yara kan cajin waya, yana mai cewa su ne ke shanye masa katin mita. Mai gidan haya zai ƙara wa ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kason bil don ya ga yana da kwamfuta. A gida ɗaya kuwa hita na cikin bokiti tun asuba, rishon lantarki na dafa wake, ƙwayayen fitila irin na da suna ci har rana ta take, ba wanda ya ɗaga kai. Ana tsare ƙofa ne kawai, ɓarawo kuwa ta taga yake shiga.

Lissafin ba shi da wuya. Yunit ɗaya da mita ke cirewa shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Batirin wayar hannu bai fi ya ɗauki wat-awa 15 zuwa 20 ba, saboda haka yunit ɗaya zai cika wayoyi kusan 50. Dutsen guga ko hita mai wat 1,000 kuwa cikin awa ɗaya tak yake cinye wannan yunit ɗin. Kwamfutar cinya mai wat 60, ko da ta wuni awa 8 tana aiki, ba ta kai rabin yunit ba. Ƙa'idar da ya kamata kowane magidanci ya riƙe ita ce, duk abin da aikinsa kawo zafi ne, shi ne babban maci, sai masu sanyayawa su biyo baya, su kuwa na'urorin sadarwa da na lissafi can a ƙarshen layi suke.

Fitila ma abin dubawa ce. Gida ko kanti mai ƙwai 10 na wat 60, ana kunna su awa 6 a rana, yana cin yunit 108 a wata. Da za a musanya su da ƙwayayen LED na wat 9 masu haske kwatankwacin wancan, abin da za a ci kimanin yunit 16 ne kawai. Bambancin yunit 92 ne a kowane wata, daga fitila kaɗai.

To, me ya sa mutanen da suka ƙware wajen lissafin buhun doya da mudun shinkafa suka kasa yin wannan? Amsar tana cikin tarihi. Tun zamanin hukumar NEPA, wadda ta koma PHCN a 2005 kafin a sayar da sashen rarrabawa ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, inda Jihar Neja ta faɗo hannun kamfanin AEDC, mafi yawan jama'a bil na ƙiyasi suka saba biya. Wanda ya kashe fitila da wanda ya bar ta a kunne kuɗi ɗaya ake kawo musu a ƙarshen wata. A irin wannan tsari mai tattali shi ne wawa, kuma mutane ba wawaye ba ne, sai suka koyi darasin da tsarin ya koya musu: in wuta ta zo, a jona komai kafin a ɗauke. Wannan ɗabi'a ce ke taimakawa wajen ɗora wa taransifoma nauyin da ya fi ƙarfinta, ta ƙone, unguwa ta koma karo-karo. Har yanzu alƙaluman hukumar NERC na nuna cewa kusan rabin masu amfani da lantarki a Nijeriya ba su da mita.

Abin da ya sauya shi ne farashi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 nan take, ta kuma zarce N1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin janareton fetur da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita ɗaya, watau a farashin wancan lokaci kowane yunit ya tashi a kan N500 ko fiye, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. Bugu da ƙari, a watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da N70 zuwa N225 kan yunit, kafin a sassauta zuwa kimanin N209 a tsakiyar shekarar. Sauran rukunoni, daga B mai awa 16 har zuwa E mai awa 4, an bar su a tsohon farashi. To amma wannan sauƙin na takarda ne, domin wanda ke samun wuta awa 4 zuwa 8 sauran wunin da fetur yake cike shi. Wancan bambanci na yunit 92 ya kai N19,000 a wata ga ɗan rukunin A, ga mai janareto kuwa ya ninka haka.

Masu shagunan buga takardu da ke hidima ga ɗalibai da ma'aikatan sakatariyar ƙaramar hukuma su ne misali mafi kusa. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, aka kuma shigo da rajistar BVN da NIN, wannan sana'a ta zama ta dole a kowane gari. Da yawa daga cikin masu ita tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo suke saye saboda araha. Irin wannan kwamfuta, in an haɗa da tsohon gilashinta mai ƙeya, tana iya cin wat 200. Guda 10 a awa 8 yunit 16 ke nan, alhali kwamfutocin cinya 10 ba za su kai yunit 5 ba, ga shi kuma batirinsu na riƙe aiki idan an ɗauke wuta, ba sai abokin ciniki ya sake cike fom daga farko ba. Babban macin shagon ma ba kwamfuta ba ce, injin fotokwafi ne da firintar leza, saboda da zafi suke manna tawada a takarda, kuma su ne ke tilasta sayen babban janareto. Mai shagon da ya gane haka zai ɗora kwamfutoci da fitilu da fanka a kan batir, ya tara aikin bugawa ya tayar da inji sau biyu ko uku a rana.

Masu sana'ar POS, waɗanda suka yawaita bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, sun riga kowa gane wannan. Ƙaramin faifan sola da ɗan batir sun ishe su wuni.

Game da sola kuwa, ra'ayi biyu ne ke yawo, kuma kowanne da sauran gyara. Wasu na cewa kayan masu kuɗi ne, wasu kuma na ganin da zarar an ɗora faifai a rufi an rabu da bil har abada. Gaskiya ne farashin faifai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya tsakanin 2010 da 2020, ko da yake faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yuni na 2023 ta cinye wani sashe na wannan rangwame. Faifai mai wat 300 a ranar Minna yana ba da yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya ragu a cikin hadarin watan Agusta, ko kuwa idan ƙurar hunturu ta lulluɓe shi ba a goge ba. Inda kuɗin ke nutsewa shi ne batir. Na dalma, idan ana tatse shi ƙaf kullum cikin zafi, da wuya ya shekara biyu. Na litiyam ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, amma ya fi tsada. Saboda haka wanda ya sayi sola bai fara canja ƙwayayen fitila da fanka da tsohon firjinsa ba, ya sayi batir ninki biyu ko uku na abin da yake bukata ne, daga baya ya dawo yana cewa sola ƙarya ce. Laifin wannan yana wuyan dillalan da ke tambayar mai saye nawa gare shi, maimakon su tambaye shi me da me zai jona.

Ba za a ƙi ta talaka ba idan ya ce kuɗin da ke hannunsa yau shi ne lissafinsa, domin firjin gwanjo da ya samu ya fi sabon da bai samu ba. Haka kuma kasuwa cike take da ƙwayayen LED na jabu, waɗanda wat ɗin da aka rubuta a kwalinsu ƙarya ne, suke kuma mutuwa cikin makonni. A nan ne aikin hukuma yake, kuma ƙasar Gana ta nuna hanya. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnatinta ta raba ƙwayayen fitila marasa cin wuta miliyan 6 kyauta, aka karɓe tsofaffin, abin da ya rage nauyin layin ƙasar da megawat sama da 120. A 2013 kuma dokar hana shigo da firji na gwanjo ta fara aiki, tare da tilasta manna tambarin taurari da ke nuna wa mai saye yawan wutar da sabon firji ke ci a shekara.

Jihar Neja a yanzu ba ta da uzurin cewa komai a Abuja ake yanke shi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, kuma a 2025 hukumar NERC ta miƙa wannan iko ga hukumar kula da lantarki ta jihar. Abu biyu ne 'yan kasuwar Maikunkele da Bosso da Beji ya kamata su sa a gaba ta hannun ƙungiyoyinsu: a ba kowane shago mitarsa, a daina haɗa shaguna goma a bil ɗaya, sannan a riƙa bayyana wa jama'a kowane wata awa nawa kowane layi ya samu, a gwada da rukunin da aka caje shi. Wannan na biyun ya fi shafar mai walda da mai injin niƙa da mai ƙanƙara, waɗanda injinansu suka fi ƙarfin ɗan faifai da batir, kuma ba su da wata mafita sai wutar layi ta tsaya a awannin aiki.