Jami'a Ta Zo Kachia, Saura Mai Riƙe Ɗalibi

Cikin watan Fabrairu na shekarar 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar kafa sabuwar Jami'ar Tarayya ta kimiyya a Kachia, a harabar tsohuwar Jami'ar Nok, aka kuma naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. Mutanen kudancin Jihar Kaduna, na gida da waɗanda neman abinci ya kai Ikko da Badun da Fatakwal, sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona da zanen gine-gine, ga Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Waya, ga kuma wannan. Makarantu kam sun matso kusa da gida. Abin da ba a faye tambaya ba shi ne ko ɗan talaka da ya shiga don karanta kimiyya ko lissafi zai iya zama har ya fita da takarda.

A tuna abin da ya faru cikin 2021. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar daga abin da bai kai Naira 30,000 ba zuwa Naira 150,000 mafi ƙanƙanta, masu koyon likita kuwa nasu ya zarce haka nesa. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, har a Gidan Waya ɗalibi guda ya rasa ransa cikin watan Yuni. Da Gwamna Uba Sani ya hau, ya rage kuɗin cikin Agusta 2023, na jami'a ya koma Naira 105,000, na Gidan Waya ya sauko daga 75,000 zuwa 37,500. Sauƙi ne, babu musu. Amma fa a wannan daminar ce cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Zangon Kataf, gonaki suka ruɓe tun daga saiwa, har iri ya yi wuya. Wanda ya san wannan yanki ya san citta ita ce asusun makaranta: a tono ta da kaka, a shanya, a ɓoye buhu biyu ko uku har lokacin rajista. Watau gwamnati ta rage da hannu ɗaya, annoba ta kwashe da hannu biyu.

Ɗalibin kimiyya ya fi kowa jin jiki a irin wannan hali. Littattafansa sun fi tsada, ga farar riga ta ɗakin gwaji, ga kuɗin fita aikin daji, ga na'urar lissafi. Sa'an nan ba shi da sukuni. Mai karanta tarihi yana iya ɗaukar babur ya yi acaba da la'asar, shi kuwa a wannan lokacin yana ɗakin gwaji, in ya tsallake sau biyu sau uku ya faɗi. Saboda haka yaro mai ƙwaƙwalwa yakan sauya fanni, ko ya ce zai huta shekara guda, hutun da sau da yawa ba a dawowa daga gare shi. Manufar ilmi ta ƙasa ta daɗe tana cewa kashi 60 cikin ɗari na ɗaliban jami'a su zama na kimiyya. Faɗa ce mai daɗi a takarda.

To, taimakon da ke akwai fa? Jihar tana da hukumar sukolashif da rance. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar rancen ɗalibai cikin Afrilu 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar takardu cikin Mayu, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da Naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai ɗalibi ba ya samu sai makarantarsa ta aika da sunansa, ga shi kuwa sabon shiga ana jiransa da kuɗin rajista da na ɗaki tun ranar farko. Sukolashif ɗin kamfanoni kuma, alal misali na MTN, an yi shi ne don wanda ya riga ya yi nisa a jami'a da maki mai kyau. Watau mai ba da laima yana jira a hayin kogi, alhali a bakin shiga ruwa ake nutsewa.

Shekarar farko ita ce kogin. Yaro ya fito daga makarantar ƙauye inda wataƙila bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, malamin lissafi ɗaya ne ga aji shida. Gwamnati da kanta ta shaida raunin tushe cikin 2017, sa'ad da ta sallami malaman furamare fiye da 21,000 a kan sun faɗi jarrabawar aji huɗu. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma in ba don wurare irin Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko a Kafanchan ba, da yara da yawa sai ranar jarrabawa za su fara taɓa na'urar. Irin wannan yaro, ko an cika masa aljihu, yana bukatar babba wanda ya bi hanyar, da zai gaya masa cewa faɗuwa a gwajin farko ba ƙarshen duniya ba ne, ya nuna masa littafin da zai karanta da ofishin da zai je.

Arewa ta taɓa gane wannan. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin shekarun 1970, da makarantun kimiyya da Jihar Kano ta buɗe a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu cikin 1977, duk don a cike giɓin nan aka yi su, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu suna nan da yawa a raye.

A nan ne maganar ta zo kan mazauna Kudu. Kusan kowace ƙabila ta wannan yanki, Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Hausawan Jama'a, tana da ƙungiyar ci gaba a Ikko, ana taro wata-wata, ana tara kuɗi. Yawancinsa yana tafiya ga jana'iza da bikin ƙarshen shekara da kalanda. Kuɗin da ake kashewa a kan anko na taro guda ya isa rajistar yara da dama. Cikin ƙungiyoyin nan akwai injiniyoyi a kamfanonin mai, da masu haɗa magunguna, da malaman jami'a, waɗanda kiran waya ɗaya a wata ba zai rage su da kome ba, su ne kuma ke iya samo wa ɗalibi gurbin koyon aiki na wata shida, wanda ɗan talaka kan yi ta yawo da takarda yana nema.

Wurin da za a yi hattara shi ne zaɓe. Yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, wanda daga kwalejin malamai ya tashi, ya san yadda ƙaramin son kai ke zama babbar wuta. In ɗan shugaban ƙungiya ne zai ci, ko aka tambayi yaro inda yake ibada kafin a dubi makinsa, gara a bar kuɗin a aljihu. Shugabannin makarantun sakandare a Kwoi da Zonkwa da Kagoro sun san yaran da suka fi kowa lissafi, sun kuma san waɗanda iyayensu ba su tono kome ba bana. Su ya kamata a fara rubuta wa, tun kafin sakamakon JAMB ya fito.