Bayanan Abokin Ciniki Amana Ce: Tsokaci kan Talla a Kafafen Sada Zumunta

Talla tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, sai dai a yau faifan mai talla ya koma cikin wayar hannu. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da matan da ke sana'a a cikin gida suna baje hajarsu a WhatsApp da Facebook da TikTok, su samu masu saye daga garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Wannan ci gaba ne da ba a musunsa, amma ya zo da wata ɗabi'a mai buƙatar nazari, wato mayar da bayanan abokin ciniki kayan talla.

Mai sayar da atamfa takan ɗora hoton shaidar biyan kuɗi ta banki, da cikakken sunan wadda ta biya da adadin kuɗin, don a ga kasuwarta tana ci. Tela yakan watsa hoton matar aure sanye da ɗinkinsa ba tare da ya tambaye ta ba. Mafi muni, mai magani yakan wallafa hirar da wani ya bayyana masa lalurarsa a ɓoye, ya kafa hujja da ita kan ingancin maganinsa. Magana kuwa zarar bunu ce: abin da ya shiga intanet ba ya dawowa, kuma 'yan damfara suna samun abin yi daga suna da lambar waya kaɗai.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. A shekarar 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma gindaya sharuɗɗan karɓa da sarrafa bayanan mutum, ciki har da yardarsa. A watan Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 bisa zargin tauye haƙƙin masu amfani da manhajojinsa. To amma dokar da Turanci aka rubuta ta, haka ma yawancin sharuɗɗan da mai waya ke latsa wa alamar amincewa. Yardar da mutum ya bayar kan abin da bai fahimta ba, yarda ce a suna kawai.

A nan ne nauyi ya hau kan masana Hausa. An saba amfani da kalmar "sirri" wajen fassara wannan haƙƙi, amma a ganina ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Sirri shi ne abin da ake ɓoyewa, alhali suna da lambar waya da unguwa ba ɓoyayyu ba ne. Shi ya sa ɗan kasuwa zai ce bai tona asirin kowa ba, kuma a fahimtarsa bai yi ƙarya ba. Kalmar da ta fi dacewa ita ce "amana", domin abu ne aka damƙa maka saboda wata buƙata, ba ka da ikon juya shi zuwa wata. Bahaushe ya san wannan ma'auni tun zamanin fatake, lokacin da maigidan masauki yake ajiye dukiyar baƙonsa da labarin cinikinsa.

Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i su haɗa gwiwa da malaman shari'a, su fassara dokar 2023, su kuma daidaita keɓaɓɓun kalmominta, kamar yadda aka yi wa nahawu da adabi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi na 1990. Ɗan kasuwar da ya ji ana kiran lambar abokin cinikinsa amana ba ya buƙatar lauya ya faɗa masa hukuncin cin ta.