Tafiya ko Zama: Lissafin Mai Riƙe da Fayil

A motar da ke ɗauko mu daga Kurudu da asuba, tun kafin mu kuɓuta daga cunkoson Karu, hirar ma'aikata ba ta wuce ta biza: wane ya samu Kanada, wance ta tafi Ingila. A da albashi ke korar mutane. Yanzu har da tsoro.

Tsoron kuwa yana da tushe. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar watan Agusta, har wasu suka yanke jiki suka faɗi.

Ban ga laifin mai tafiya ba. Wole Soyinka ya tsallake a 1994, bai fasa yaƙar mulkin Abacha ba. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zauna, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997.

Sai dai ku ma'aikatan tarayya lissafinku daban ne. Danniya ba ta da hannu. Naku take ara, wajen rubuta takarda da buga hatimi. Idan mai jin kunya ya bar kujera, marar kunya ne zai gaje ta. Yaran nan ma an sake su cikin kwanaki ne domin mutanen gida sun ƙi yin shiru.

Saboda haka ku zauna, amma zaman ya yi amfani. Duk umarnin da kuke shakkarsa, ku nemi a ba ku shi a rubuce, ku kuma bar ƙin amincewarku a cikin fayil. Wanda ya zauna yana sa hannu a kan komai bai fi wanda ya tafi kishin ƙasa ba.