Tsalle mai nisa da abin da yake bari a baya

A harshen shirya manhaja na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972, akwai umarni biyu masu tafiya tare: setjmp da longjmp. Na farko yana dasa alama a wani wuri cikin shirin. Na biyu, idan matsala ta auku can ciki, yana daka tsalle ya komo kan alamar ba tare da ya bi ta hanyar da aka shigo ba. Manhajar libpng, mai karanta hotuna, da haka take mayar da kuskure ga wanda ya kira ta.

Ra'ayina shi ne, bai kamata a koya wa ɗalibi wannan tsalle ba sai tare da kalmar volatile, a darasi guda.

Ga dalili. Ma'ajin ƙima na cikin gida, wato wanda aka buɗe a cikin sashen aikin da ya kira setjmp, ba lallai ne ya zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. Tafintan da ke juya shirin zuwa harshen na'ura yakan ajiye shi a rajista, don sauri. Shi kuwa longjmp yakan mayar da wasu rajistoci yadda suke lokacin da aka dasa alama. Saboda haka ƙa'idar C, tun ta 1989, ta fayyace cewa ma'ajin da aka canza bayan setjmp, in ba a sa masa volatile ba, ƙimarsa ba ta da tabbas bayan tsalle.

A ɗauki ma'ajin da aka fara da NULL, aka dasa alama, sannan aka nemo masa wuri da malloc. Kuskure ya zo, an komo, ana so a saki wurin. Sai a tarar ma'ajin ya koma NULL. Wurin nan ya salwanta ke nan, babu kuma wani saƙo da zai faɗa.

Abin takaicin ma, shirin kan yi aiki lafiya lokacin gwaji, sai an kunna -O2 a GCC domin sauri sannan halin ya fito. Akwai masu cewa gargaɗin -Wclobbered ya wadatar. Ban yarda ba: gargaɗi ne da ya dogara da yadda tafinta ya raba rajistoci a wannan karon. Volatile kuwa yana tilasta a rubuta ƙimar a ƙwaƙwalwa duk lokacin da ta canza, can kuma longjmp ba ya taɓa ta.