Shugaban Ƙasa Da Ya Koma Ƙaramar Kujera

A zamanin da Ibrahim Dabo yake sarautar Kano, Muhammadu Bello kuma yana Sakkwato, mutanen Amurka suka sami sabon shugaba mai suna John Quincy Adams. A 1825 ke nan. Shi ne shugabansu na shida, ubansa kuwa shi ne na biyu. Tun yana yaro ya bi uban zuwa Faransa, da ya girma ya yi jakadanci a Rasha da Ingila.

Amma mulkinsa bai yi armashi ba. Ya so a gina hanyoyi da babbar jami'a ta ƙasa, majalisa ta ƙi ba shi haɗin kai. Game da bauta kuwa, wadda ta yi katutu a kudancin ƙasar, ya yi shiru. A 1828 aka kawo masa wani dattijo Bafillace, Abdurrahman, ɗan sarkin Timbo ta Futa Jalon, wanda ya yi shekara 40 yana bauta a gonar auduga a Misisipi. Wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ita ce ta kai har wurin Sarkin Maroko, gwamnatin Adams ta sa baki aka sake shi. Dattijon ya nemi a taimake shi ya fanshi 'ya'yansa, bai samu a wurin shugaban ba. Ya tashi ya bar su a bauta, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai gida ba. A ganinmu a nan Adams bai kyauta ba.

A zaɓen 1828 Andrew Jackson ya kā da shi. To, ga inda labarin yake. Bayan shekara 2 mutanen garinsu suka zaɓe shi wakili a majalisa, watau ƙasa da kujerar da ya bari nesa ba kusa ba, ya kuwa karɓa. Mu nan Gaya da Ajingi mun san nauyin irin wannan zance, gama a 2019 aka ɗaga masarautarmu zuwa daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke ta, sa'an nan aka maido ta a daraja ta biyu. Ko a cikin ikkilisiya ma, sau nawa muka ga dattijo ya fāɗi zaɓe, daga ranar sai ƙafarsa ta ɗauke daga majami'a?

Adams ya yi shekara 17 a wannan ƙaramar kujera. A 1836 majalisa ta kafa doka cewa duk takardar koke a kan bauta a ajiye ta kawai, kada a karanta. Tsohon nan ya ƙi. Ya yi ta tashi da takardun talakawa a hannu, ana yi masa ihu, har aka nemi a tsawata masa a gaban majalisa. Sai a 1844 aka soke dokar.

Ana cikin wannan ne maganar jirgin ruwa mai suna Amistad ta taso. A 1839 an sato mutum 53 daga yankin Saliyo, yawancinsu Mende, aka sayar da su a Kyuba. A tsakiyar teku suka kwance sarƙa, wani mai suna Sengbe Pieh yana gabansu, suka ƙwace jirgin. Jirgin ya ƙare a gaɓar Amurka, aka kulle su. Sifaniya ta ce a ba ta su, gwamnatin Amurka ta lokacin kuma ta goyi bayanta. Waɗansu masu bi suka tara kuɗi, suka koya musu karatu a kurkuku, suka roƙi Adams ya tsaya musu a kotun ƙoli. Yana da shekara 73, ya daɗe rabonsa da aikin lauya. Ya yi kwana biyu yana magana a gaban alƙalai, ran 9 ga Maris 1841 kotu ta ce mutanen nan 'ya'ya ne, ba bayi ba.

Su 35 ne suka rage da rai, suka sauka Firitawun a farkon 1842 tare da 'yan mishan. Kafin su tashi suka aika wa Adams da kyautar Littafi Mai Tsarki, da sa hannunsu a ciki. Sun zaɓa masa daidai, domin mutum ne mai karanta shi kowace safiya. Littafin yana nan a ɗakin littattafansa a garin Quincy.

Ran 21 ga Fabrairu 1848 yana zaune a majalisa ya yanke jiki ya fāɗi. Aka ɗauke shi zuwa ɗakin shugaban majalisa, a nan ya cika bayan kwana biyu, yana da shekara 80.