A Auna Aikin Kwangila Mako Mako

Duk wanda ya san ƙasar Shanono, inda gona ke manne da gona tun daga iyakar Bagwai har zuwa ta Jihar Katsina, ya san cewa kwalbati guda da aka bari ba a rufe ba kafin faɗuwar damina ya isa ya raba ƙauye da kasuwarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti, har sai ruwa ya ɗauke. Don haka auna aikin gini al'amari ne na maslahar jama'a baki ɗaya.

A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, an ƙaddamar da titunan kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma ko da yake niyyar kyakkyawa ce, da yawa daga cikinsu sun yi shekaru ba a kammala ba. A nawa ra'ayin, asalin illar irin waɗannan ayyuka ita ce, kuɗin da aka fitar ake lissafawa, alhali manomin da ke sayar da gero ma ba ya karɓar kuɗi sai an ga mudu ya cika.

Mutanen Japan, a masana'antar Toyota, ƙarƙashin Taiichi Ohno, sun kasa almubazzaranci gida bakwai, cikinsu har da zaman jira da tara kayan da ba a bukata tukuna. Daga baya, cikin shekarun 1990, Glenn Ballard da Greg Howell na Amurka suka shigo da wannan hikima cikin gini: kowane farkon mako birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi su faɗi abin da za su gama, ƙarshen mako a ƙirga alkawuran da aka cika, wanda bai cika ba kuma a binciki sababinsa.

Da ana yin haka a wurinmu, da ba a ga buhunan siminti sun sha raɓa sun daskare a ƙarƙashin yagaggiyar leda ba, da leburori ba su wuni a gindin darbejiya suna jiran tifar yashi ba, domin kowace asara za ta bayyana tun tana ƙarama, da sunan wanda ya jawo ta.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsa, saboda kiyaye dukiyar mutane, to ina ga dukiyar baitulmali, wadda maraya da gajiyayye ke da haƙƙi a cikinta? Ya wajaba majalisar ƙaramar hukuma ta sharɗanta wa kowane ɗan kwangila ya kafa allo a bakin aiki, a riƙa rubuta alkawarin mako da abin da aka cika da Hausa, dagaci da mai unguwa su shaida, kuma kada a biya kashi na gaba sai awo ya tabbata.