Rigakafi a Ƙasar Ungogo: A Fara Daga Ranar Suna

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Wannan karin magana ya shiga bakin kowa, har ya kai ana faɗinsa ba a tsayawa a duba abin da ke cikinsa. Kalmar rigakafi haɗi ce ta kalmomi biyu, watau "riga" da "kafi". Kafi kuwa shi ne shinge ko tsarin da ake yi wa gari don kada abokan gaba su same shi a buɗe. Ashe ke nan mai rigakafi shi ne wanda ya riga maƙiyi isa bakin ganuwa. Mutanen ƙasar Ungogo ba baƙi ba ne ga wannan ma'ana, domin Fanisau da ke cikinta ribaɗi ne da Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819-1846) ya ƙarfafa don tare hare-haren Ɗan Tunku daga arewa.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa annobar mashaƙo ta sami Ungogo a buɗe, kuma duk wani shirin lafiya da za a tsara wa wannan ƙasa, in ana son ya tare cuta ya kuma yi adalci, wajibi ne ya fara da sanin kowane jariri da sunansa da unguwarsu.

Abin da ya Auku

A ƙarshen shekarar 1922 da ɗari, watau Disambar 2022, aka sanar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ɓullar mashaƙo a Kano. A Janairun 2023 Gwamnatin Jiha ta tabbatar da cutar a ƙananan hukumomi 13, Ungogo na cikinsu, ta kuma zama ɗaya daga wuraren da abin ya fi tsanani. Mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk Nijeriya a wannan shekara mutanen Jihar Kano ne, galibinsu yara, galibinsu kuma ba a yi musu allurar ba, ko an fara ba a ƙarasa ba.

Mashaƙo cuta ce da ƙwayarta ke bin tari da atishawa. Takan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya sarƙe, dafinta kuma yakan taɓa zuciya. Abin takaici shi ne hanyar tare ta tsohuwa ce, kyauta kuma ake yin ta. Tun 2012 Nijeriya ta soma amfani da allurar nan mai tare cuta biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, wadda ake yi wa jariri sau uku: yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. To, in allura tana nan, kuma ba a sayar da ita, me ya hana ta isa cinyar yaron Bachirawa?

Ba Birni ba, ba Ƙauye ba

A 1965 Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da bincikensu a kan gundumar Ungogo, a matsayin misalin ƙasar noma mai cikar jama'a da ta kewaye Kano. A wancan zamani gona ba ta hutawa, jakuna ne ke kai itace birni su komo da taki. Yau kuwa birnin ne da kansa ya taho. Rijiyar Zaki da Bachirawa da Tudun Fulani sun haɗe da Kano, gonaki sun zama filayen awon igiya, gida na bin gida tun kafin a ja ruwa ko a yi magudana. Ga kuma mazaɓun da har yanzu gero da dawa suka fi gidaje cin fili. Ƙaramar hukuma ɗaya ce mai mazaɓu 11, amma rayuwa iri biyu ce a cikinta.

A nan ne lissafin masu tsara shiri yake karyewa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum kusan 370,000 a Ungogo, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidayar ƙasa ba. Ma'aikaci yakan ɗauki tsohon adadi ya ƙara masa wani kaso kowace shekara, sa'an nan ya ƙiyasta yawan jarirai. Wannan dabara tana iya yin aiki a garin da haihuwa kaɗai ke ƙara shi. Ba ta aiki a unguwar da magidanta ke tarewa kowane mako daga Dala da Fagge da ƙauyuka masu nisa. Sai a kawo allurar yara ɗari inda akwai ɗari uku, a yi wa tamanin, a rubuta cewa an kusa gamawa. Yaron da ba ya cikin lissafi ba a san an rasa shi ba, sai ran da aka kai shi Asibitin Murtala wuya a kumbure.

Ɗigo da Allura

Akwai dalili na biyu, wanda ya shafi harshe, ya kuma kamata ya dami ɗaliban Hausa. Shekara da shekaru ma'aikatan shan inna suna bin gida gida, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango. Aikin ya yi albarka, domin rabon Kano da shan inna na asali tun 2014, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da shi. Amma sunan da aka ba ɗigon shi ne "rigakafi", sunan allurar asibiti ma "rigakafi". Saboda haka in an tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi, sai ta ce an yi, har sau goma ma, kuma gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya zauna ya fayyace mata cewa ɗigon baki ba ya tare mashaƙo.

Bugu da ƙari, ɗigo shi ke zuwa gida, allura kuwa zuwa ake yi wurinta. Matar da ke cikin kulle sai ta nemi izinin maigida, ta nemi kuɗin adaidaita sahu, ta bar sana'arta ta yini guda, sa'an nan ta maimaita haka har sau uku cikin wata biyu. In ta je aka ce yau ba ranar allura ba ce, da wuya ta koma. Matar ma'aikaci tana iya jure wannan, matar ɗan garuwa ba ta iyawa. Ashe abin da aka ce kyauta ne yana da farashi, kuma talaka ne ke jin nauyinsa.

Abin da ya Kamata a Yi

Da farko, a ɗauki ranar suna ta zama ranar shiga littafi. A ƙasar Hausa ba a haihuwa a ɓoye. Ungozoma ta yanke cibi, liman ya raɗa suna ran bakwai, wanzami ya yi aski, mai unguwa kuma an kai masa goro. Waɗannan mutum huɗu sun san abin da ofis bai sani ba. A ba kowane mai unguwa littafi, a riƙa rubuta sunan jariri da na mahaifinsa da ranar haihuwa, kowane wata a zauna da ma'aikacin asibitin mazaɓa a gwama littafi da littafi. Wanda bai zo mako na 6 ba, a san shi tun a mako na 7. A kuma biya masu wannan aiki ladan wahalarsu, domin ba a ɗora wa jaki kaya a hana shi dusa.

Na biyu, a raba kuɗi da ma'aikata bisa abin da littafin ya nuna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ana kuma son kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai. Wannan mafari ne mai kyau, amma rabon daidai wa daida ba shi ne adalci ba. Mazaɓar da birni ya ci tana bukatar ƙarin ma'aikata da allura kowace ranar aiki. Mazaɓar gonaki kuwa babur take bukata, da akwatin sanyi, da ma'aikacin da zai bi ƙauyuka a ranar da aka sanar a masallaci.

Na uku, a raba sunaye. A riƙa cewa "ɗigon shan inna" da "allurar mashaƙo ta ɗaya, ta biyu, ta uku" a rediyo da huɗuba da katin asibiti, har kowace uwa ta iya ƙirga su da yatsunta. Wannan aiki ne na masana harshe, bai kamata a bar wa likitoci su kaɗai ba.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce laifin na iyaye ne, su ne ke ƙin allura. Lalle akwai masu ƙi, kuma ƙin nasu yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a jihar, ba a koma ba sai Yulin 2004. Amma abin lura shi ne yadda aka shawo kan lamarin: sarakuna da malamai da matan unguwa ne suka shiga gaba, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Mutum yakan ƙi baƙo ya karɓi maƙwabcinsa. Littafin mai unguwa kuwa shi ne zai bambance wanda ya ƙi da wanda ba a kai gare shi ba, kowanne a san irin maganinsa.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Amsa ita ce littafi da alƙalami da man babur ba su kai kuɗin gado ɗaya a ɗakin keɓe masu mashaƙo ba, balle maganin kashe dafin cutar da ake nemowa daga ƙasashen waje. Tun taron Alma-Ata na 1978, da zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a Ma'aikatar Lafiya (1985-1992), aka yarda cewa lafiyar jama'a daga unguwa take farawa. Ra'ayin ya daɗe a takarda, aiwatarwa ce ta rage.

Kammalawa

Ƙasar Ungogo tana da gado biyu. Akwai asibitin kuturta na Yadakunya, wanda tun zamanin Turawa yake karɓar wanda cuta ta riga ta kama, akwai kuma Fanisau, inda aka yi kafi tun maƙiyi bai iso ba. Dukansu ana bukatarsu, amma annobar 2023 ta nuna wanda aka yi wa sakaci. Kira ga Majalisar Ƙaramar Hukuma da Hakimi da dagatai da Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jiha shi ne su fara da mazaɓa ɗaya, su riƙe littafin shekara guda, su karanta sakamakon a bainar jama'a. Jaririn da aka raɗa wa suna yau, mako biyar ya rage a yi masa allurar mashaƙo ta farko. Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.